Kada Takardar Kado Ta Ƙare a Bola: Yadda Nake Tattalin Kayan Naɗin Kyauta Daga Nowel Zuwa Nowel

Ranar 26 ga Disamba na wata shekara, da sassafe, na fito da tsintsiya in share tsakar gida. Hunturu na busawa, yara ba su tashi ba. Abin da na tara a bakin ƙofa ya cika bokiti biyu: takardun kado, wato na naɗin kyauta, masu ƙyalli duk a yayyage, kintinkiri ja da kore, kwalayen da aka tattake, guntayen sikoc sun kwashi rairayi. Iska ta ɗebi wasu ta rataye a kan ƙayar darni, akuyar maƙwabta kuma ta samu wata guntuwa mai ruwan zinariya tana tauna. Na jingine tsintsiya na yi lissafi a zuci. Kwana huɗu kafin nan na shiga Babbar Kasuwa na kashe kuɗin da zai saya mana kaji biyu a kan waɗannan abubuwa, ga shi ko minti biyar ba su yi a hannun yara ba.

Ni ƴar Dogon Dutsi ce, aure ya kawo ni Yamai. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi ta majami'armu, saboda haka duk Nowel, wato Kirsimeti, naɗin kyauta biyu ke jirana: na gida da na yaran aji. Tun daga waccan safiya na canza tsari, kuma yau shekaru ke nan abin da nake saye sabo bai wuce sikoc ba, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke cewa salatef. Abin da na gane shi ne, wannan tattali ba a kasuwa ake yinsa ba. Ko kin fi kowa iya ciniki, ragin da mai kanti zai yi miki kaɗan ne. Kuɗin yana tsira ne ranar da ake buɗe kyauta, a cikin mintocin da takarda take tsakanin hannun yaro da ƙasa.

Kuma ba baƙon abu nake kawo mana ba. Ranar Nowel muna zuba shinkafa da kaza a kwano mu aika wa maƙwabtanmu Musulmi, ranar Layya su aiko mana da nama. Wa ya taɓa jefar da kwanon? Ana wanke shi a mayar, sau da yawa ma ba a mayar da shi fanko. So nake mu ɗauki takarda da jaka da kintinkiri kamar yadda muka ɗauki kwanon nan: abu ne mai zuwa ya dawo.

Akwai kuma dalilin aljihu. Takardar kado daga waje ake shigo da ita. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano su shigo ta Gaya, da yawansu sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuma mai saye ne ke biyan tsawon hanyar. Ga Disamba wata ne mai cin kuɗi: ɗinkin yara, cefane, baiko a majami'a, bikin sabuwar shekara, sannan Janairu ya zo da tsawonsa.

Mataki na farko: ranar buɗe kyauta

Tun daren 24 ki tanadi abu uku a ɗakin da za a buɗe kaya: ƙaramin almakashi, babban daro busasshe, da gwangwani mai murfi. Daro na takardu da jakunkuna ne, gwangwani na kintinkiri da ƙananan kayan ado. Ki sa mutum ɗaya babba ya zauna kusa da su, aikinsa kawai karɓa. Idan aka ce kowa ya kula, babu wanda zai kula.

Ga yadda ake buɗewa ba tare da ɓarna ba. A fara kwance kintinkiri, kada a yanke shi sai in ƙullin ya ƙi, in ma za a yanke, a yanke dab da ƙullin don tsawon ya tsira. Sai a juya kyautar a nemi inda sikoc yake. Kada a ɓanɓare shi, domin yana tashi da fentin takardar ya bar farin tabo. A zura bakin almakashi a ƙarƙashin gaɓar a tsaga sikoc ɗin biyu, rabi ya zauna nan, rabi can. A fara da gefuna biyu, a ƙare da doguwar gaɓar baya, sai kyautar ta zamo a zare ta kamar yadda ake zare matashi daga rigarsa.

Yara fa? Wannan ita ce tambayar da kowace uwa ke yi mini. Ɗan shekara uku ba za ki hana shi yaga ba, kuma bai kamata ba, rabin murnarsa a yagar take. Nasa kyautar sai ki naɗe ta da takardar da ta riga ta tsufa, wadda wannan ne zagayenta na ƙarshe. Amma daga shekara shida zuwa sama suna koyo da wuri. Yaran ajina na mayar musu da abin gasa: wanda ya kawo mini takardarsa ba tsaga, shi zai fara zaɓar alawa. Shekarar farko rabinsu suka iya. Yanzu manyan ne ke koya wa ƙanana, har ka ji wata tana cewa ƙaninta, "Kai, a hankali, Malama na son abinta."

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: a buɗe kyauta kafin a kawo abinci. Hannun da ya taɓa soyayyar kaza in ya dafa takarda, ta gama aiki.

Mataki na biyu: tankaɗe da rairaya

Kada ki bar daron nan ya wuce kwana biyu ko uku, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta rufe shi, yara kuma su mayar da shi kayan wasa. Ki shimfiɗa tabarma a cikin ɗaki, ki rufe taga, ki kasa kayan.

Kashi na farko manyan takardu masu lafiya. Na biyu matsakaita da waɗanda gefensu ya yage amma cikinsu na nan. Na uku guntaye, daga faɗin tafin hannu zuwa sama. Na huɗu na zubarwa: duk wadda mai ko miya ko lemo ya taɓa, domin ita za ta kira kiyashi da kyankyaso su ci sauran.

A nan ne kuma za ki raba takarda ta gaskiya da leda mai kama da takarda. Ki dunƙule ɗan gefe a hannunki ki saki. In ya zauna a dunƙule, takarda ce. In ya buɗe da kansa yana ƙara, leda ce da aka shafa wa ruwan azurfa ko na zinariya. Wannan bambanci yana da amfani sosai, saboda gyaransu ba ɗaya ba ne. Ledar ta fi jure zagaye, sikoc ma yakan ɓanɓaru daga jikinta ba tabo, amma ba ta shan zafin guga ko kaɗan. In ta mutu kuma, kada a ƙone ta a tsakar gida inda yara ke shaƙar hayaƙin, kada a watsar inda dabbobi ke kiwo. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar akuya ya ga dunƙulen leda a tumbinta ya san abin da nake nufi. Tun 2014 ƙasarmu ke da dokar hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su, amma ki dubi bishiyoyin bakin hanya da magudanun ruwa ki gani. Ki ƙulle matacciyar a wuri ɗaya ki ba masu kwasar shara.

Mataki na uku: gyara

Wannan shi ne aikin da ke mayar da tsohuwar takarda abin fita kunya, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ki fara da almakashi. Ki yanke duk gefen da ke da sikoc ko tsaga, ki daidaita takardar ta koma mai kusurwa huɗu. Kada ki ji ciwon abin da kike zubarwa. Ƙaramar takarda mai tsabta ta fi babba mai tabo. In kina son yanka ya miƙe, ki ninka layin tukuna ki murza da farce, sannan ki bi shi.

Sai guga. Ki shimfiɗa zane a kan tebur, ki kifa takardar fuskarta ƙasa, ki rufa mata wani siririn ƙyalle na auduga. In dutsen gugar lantarki ne, ki sa shi a mafi ƙarancin zafi, kada ki zuba ruwa a ciki, tururi yana sa takarda ta yi kumbure-kumbure. In na gawayi ne, ki bari sai kin gama gugar kayan gida wuta ta lafa, ki gwada a kan wata guntuwa daga kashin zubarwa. Ki riƙa tafiyar da dutsen daga tsakiya zuwa gefe, kada ki tsaya wuri ɗaya. Ki tabbata babu ragowar sikoc, domin yana narkewa ya manne a ƙyallen. Layin ninki mai zurfi ba zai ɓace gaba ɗaya ba, amma zai kwanta, kuma za mu ɓoye shi a wajen naɗi. Leda mai ƙyalli kuwa, ki goge ta da ɗanyen tsumma, ki bari ta bushe, ki shimfiɗa ta ƙarƙashin katifa kwana biyu.

Kintinkiri iri biyu ne. Na yadi mai santsi ana wanke shi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a goge da sanyin dutse. In bakinsa na zarewa, ki yanke shi a karkace ki gifta shi kusa da harshen ashana sau ɗaya, zaren zai ƙame. Siririn na roba da ake lanƙwasawa kuwa, ki kama shi tsakanin babban yatsa da gefen almakashi ki ja da sauri, zai sake nannaɗewa kamar sabo. Kowanne ki naɗe shi a jikin guntun kwali ki soke bakin da allura mai kai.

Jakunkunan kado su ne dukiyar gaske, domin su suka fi tsada kuma su suka fi daɗewa. Ki cire katin da ke ɗauke da sunan wanda aka ba, ki zazzage cikin, ki ninke ta bisa layinta na asali. In hannun ya tsinke, ki zura sabuwar igiya. In ramin igiyar ne ya yage, ki manna guntun kwali ta ciki ki sake hudawa da ƙusa. In gindin ya saki, ki yanko kwali daidai faɗinsa ki shimfiɗa. Ina da wata jaka shuɗiya da ta zaga gidanmu Nowel biyar, ta je suna biyu ta dawo.

Kwalaye kuma ki buɗe gindinsu su kwanta. Wanda rubutun kamfani ya cika jikinsa, ki ɓalle gaɓarsa ki juya cikinsa waje ki sake mannewa, sai ki samu kwali ruwan ƙasa ba rubutu.

Mataki na huɗu: ajiya, inda mutane da yawa ke faɗuwa

Wata goma sha ɗaya kayan nan za su yi suna jira, kuma a Yamai abokan gabansu biyar ne: ƙura, zafi, danshin damina, gara, da ɓera. Shekarar farko da na fara na zuba komai a kwali na tura ƙarƙashin gado a kan daɓe. Da na jawo shi a Disamba, gara ta shiga ta ƙasa ta mayar da rabin takardun gari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma daga nan na koyi sauran.

Manyan takardu naɗe su ake yi, ba ninkewa ba. Ki nemi dogon bututun kwali irin wanda ake naɗo yadi ko ledar ɗaki a jikinsa, masu sayar da su sukan bayar. In ba ki samu ba, guntun bututun ruwa na roba ya isa, a kasuwar Katako ba a rasa shi. Ki jera takardun babba a ƙasa ƙarama a sama, ki naɗe su tare, ki ɗaure da tsinken ƙyalle wuri biyu. Kada ki sa robar ɗaure kuɗi. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, yana narkar da ita ta manne a takarda ta bar baƙin zobe. Saboda wannan zafin ne ma ba na ajiye sikoc daga shekara zuwa shekara: danƙonsa yana narkewa ya zama ba ya kamu. Ki zura naɗin cikin tsohuwar rigar matashi ko ƙafar tsohon wando ki ƙulle baki.

Matsakaita da guntaye su kwanta a cikin babban ambulan ko tsakanin kwali biyu. Komai kuma ya shiga adaka, wato akwatin ƙarfe mai murfi, don shi ne ɓera ba ya iya hudawa. Ki watsa busasshen ganyen dogon yaro a ciki saboda ƙwari, amma ki tabbata ya bushe ƙarau, ɗanye yana kawo ruma. Kafur ma yana aiki, sai dai warinsa yana kama takarda da ƙyalle, don haka kada ya haɗu da abin da za a ƙunshe abinci da shi.

Adakar ta hau bisa: kan kabad, ko kan bulo huɗu nesa da bango. Ƴan uwanmu na unguwannin Lamorde da Saga da ruwan kogi ya shiga wa gidaje a ambaliyar 2020 sun san darajar ɗora kaya a sama, kuma ko ba ambaliya, daɓe yana tsattsafo a watan Agusta. Da damina ta ɗauke a Oktoba, ki buɗe adakar ki bar ta ta sha iska wuni ɗaya a inuwa.

Mataki na biyar: tari a cikin shekara

Abin da kika ceto ranar Nowel ba zai isa shi kaɗai ba, tunda kowane zagaye takarda raguwa take yi. Sauran sai ki riƙa tsinta a hankali. Jakar da aka kawo miki turare ranar suna, kwalin takalmin yara na komawa makaranta, gwangwanin madara da na biskit, kwalin sukari, tsohuwar kalanda mai manyan hotuna da za a sauke a Janairu, zanen da yara suka yi a makaranta. Kakarsu ta fi murna da kyautar da aka naɗe da zanen jikanta fiye da kowace takardar kanti, har yau akwai ɗaya manne a bangon ɗakinta a Dutsi.

Mafi kyawun takarda da na samu kyauta ita ce ta buhun madarar gari mai kilo 25, irin wanda masu yin yawur da masu shayi ke ƙararwa. Falle-falle ne na takarda ruwan ƙasa mai ƙarfi, da leda a can ciki. Ki farke ɗinkin, ki cire ledar da fallen waje mai rubutu, na tsakiya ki kakkaɓe ki goge. Takardar buhun siminti ma haka take, amma ƙurar siminti tana cin hannu, don haka fallen da bai taɓa simintin ba kawai za a ɗauka, kuma kada a kusantar da shi ga abinci ko kayan jariri. Jarida tana yi wa kwalin manya, sai dai tawadarta na fita a jikin farin kaya.

Sai tela. A Nuwamba da Disamba ƙarƙashin keken kowane tela cike yake da ƙyallayen atamfa da shadda. In kin kai ɗinki ki ce, "Maigida, a tara mini ragowar kayana, har da ƙananan." Haƙƙinki ne, ke kika sayi turmin. Dogayen tsinke su zama kintinkiri, masu faɗi su zama abin ƙunshi.

Mataki na shida: naɗin kansa

Ki fara da babbar kyauta ki sauko zuwa ƙarama, don ragowar wannan ta rufe waccan. Kuma ki auna kafin ki yanka, yawancin asarar takarda daga yankan ido take zuwa. Ki zagaya kwalin da zare ta gajeren gefensa, ki ƙara faɗin yatsu biyu ko uku, wannan shi ne tsawon takardar. Faɗinta kuwa shi ne tsawon kwalin, da ƙarin kusan kashi biyu cikin uku na kaurinsa a kowane gefe. Misali kwali mai tsawon santimita 30, faɗi 20, kauri 10: zagayensa 60 ne, ki ƙara 4 ya zama 64. Ɗaya gefen kuma 30 da 7 da 7, wato 44. Duk abin da ya wuce 64 da 44 ɓarna ce, kuma yana sa gefuna su yi tulu.

In takardar ta gaza da kaɗan, ki juya kwalin ya zauna a karkace, kusurwoyin takardar su fuskanci gefunansa, ki ɗago su ɗaya bayan ɗaya su haɗu a sama. Sau da yawa hakan yana rufewa. In har yanzu da saura, ki naɗe kwalin da takarda ruwan ƙasa, ki yi masa ɗamara da guntuwar mai ado a tsakiya. Haka nan ake ɓoye tsohon layin ninki ko tabon sikoc: ki daidaita shi ya faɗa a kan kusurwar kwali, ko ki bi ta kansa da kintinkiri.

Sikoc guntu uku ya isa kwali ɗaya: ɗaya a baya, ɗaya a kowane gefe. Duk ƙarin da kika yi, takardar baɗi kike ci. In za ki ɗaure da igiya ko tsinken atamfa a gicciye, kina iya barin sikoc gaba ɗaya.

Don haɗa jaka ko manna kwali, ba sai kin sayi gam ba. Ki dama cokali 1 na fulawa da cokali 5 na ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi kauri kamar koko, ki sauke ya huce. Ko ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, ki tace, irin yadda ake yi wa tawadar allo. Ki shafa kaɗan, da yawa yana jiƙa takarda. Na fulawa kwana biyu yake yi ya yi tsami, don haka ki dama daidai buƙata. Jakar kuwa ga yadda nake yi: in naɗe kwalin sukari da takarda kamar kyauta amma in bar gefe ɗaya a buɗe, in manne baya da gindi, in zare kwalin, in ninka bakin ciki da siririn kwali a tsakani, in huda rami biyu kowane gefe in zura igiya.

Amma in kin tambaye ni, ƙunshin ƙyalle ya fi duka. Iyayenmu da shi suke zuwa biki, goro da turare da sabulu duk a ƙulle a kallabi. Mutanen Japan ma suna da irin wannan al'ada ta ƙyalle mai kusurwa huɗu da suke kira furoshiki. Ƙa'idarsa ɗaya ce: tsawon ƙyallen daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ya kai kusan ninki uku na tsawon kyautar. Littafi mai santimita 20 yana son ƙyalle mai 45 a kowane gefe, kuma yadi ɗaya na atamfa yana fitar da irinsa huɗu. Ki shimfiɗa ƙyallen, ki aza kyautar a tsakiya, ki rufa kusurwar da ke gabanki, ki rufo ta can a kanta, sai ki ɗago ta dama da ta hagu ki ƙulla sau biyu: dama kan hagu, sannan hagu kan dama. Wannan ƙulli yana kwanciya da kyau kuma ba ya wahalar kwancewa. Kwalba kuwa ki tsayar da ita a tsakiya, ki tattaro kusurwoyi huɗu a wuyanta ki ɗaure.

Cincin da dubulan da gyaɗa su shiga gwangwanin da aka wanke ya bushe, ko a sa su a leda mai tsabta tukuna a aza a ƙaramin kwandon kaba a rufe da faifai. Tsohuwar takardar kado kada ta taɓa abinci kai tsaye.

Zancen kunya

Na san abin da ke hana wasu. Kada a ce rowa ce, kada a ce ta ba ni kyauta a tsohuwar takarda. Nima na ji wannan nauyin da farko. Abin da ke jawo magana shi ne ƙazanta da sakaci, ba tsufan takarda ba: sunan wani da aka manta ba a cire ba, tabon mai, yamutsattsen gefe. In kin gyara yadda na faɗa, babu mai ganewa, wanda ya gane kuma yakan tambayi yadda kika yi.

Ita takardar kadon ma da irin wannan dabara ta fara. A 1917, a birnin Kansas na Amurka, wasu ƴan uwa biyu masu kantin katuna, Joyce da Rollie Hall, takardar da suke sayarwa ta naɗin kyauta ta ƙare musu ana tsakiyar cinikin Kirsimeti. Sai suka fito da takardu masu ado na Faransa da ake liƙawa a cikin ambulan, suka sayar da kowane falle santi 10, mutane suka wawashe. Kamfaninsu ne ya zama Hallmark.

Ƙyalle kuma a cikin gida da dangi ki faɗa a fili cewa mai dawowa ne. Ga na waje ki bar shi ya zama cikin kyautar. Bara na aika wa maƙwabciyata cincin da sabulu a ƙunshe cikin ragowar shaddar maigidana. Da la'asar sai ga jikarta da ƙyallen a ninke, da dabino a ciki, da tukuicin yaron da na aika. Da muka haɗu a bakin famfo na ce, "Hajiya, ai har da ƙyallen na ba ki." Ta ce, "A'a Maman yara, ki riƙe, ranar Salla zan aiko a karɓo in sa miki naki a ciki."

Abin da za a saya, da lokacin sayensa

Ki yi wannan lissafin da farashin da kika tarar a kasuwarku, nawa misali ne kawai. A ce kyauta 15 za ki naɗe. Falle 10 a kan sefa 250 ya kama 2,500. Jaka 4 a kan dala ɗari, wato sefa 500 kowace, 2,000 ke nan. Kintinkiri 1,000, sikoc 500. Jimla jika 6. In adakarki ta cika, abin da zai fita daga hannunki sikoc ne kawai, saura jika 5 da rabi su tafi cefane ko kuɗin littattafan Janairu.

In dole sai kin sayi sabo, ki zaɓi mai kauri, kuma mara hoton Nowel: ja zalla, shuɗi, ruwan zinariya, ko mai ɗigo-ɗigo. Irin wannan za ta yi miki suna, ta yi biki, ta yi Ista, maƙwabciya ma ta ara ranar Salla. Ki saya a makon farko na Janairu lokacin da masu kanti ke son rabuwa da ragowar kaya, ba ranar 23 ga Disamba da kowa ke rububi ba.

A majami'armu mun ajiye adaka ɗaya ta Zumuntar Mata. Lahadin farko bayan Nowel kowace mace tana kawo abin da ta ceto a gidanta, mu zauna bayan sujada da almakashi da dutsen guga biyu mu gyara tare. Mace ɗaya ke riƙe da mabuɗi, kuma a cikin murfin mun manna takarda da ke nuna abin da ke ciki: manyan falle nawa, jaka nawa, ƙyalle nawa. Ranar 18 ga Disamba, da yake hutun Jamhuriya ne ba aiki ba makaranta, ita muka tsayar ranar naɗin kyautar yara. Duk wadda za ta zo ta taho da almakashinta da zaren awo, masu dama fulawa kuma su dama tun da safe don ta huce kafin a fara.